Yadda za ka gane kuɗin wutar da ƙaramin talabijin ɗinka ke ci a wata

Sana'ata gyaran talabijin da dikoda a Kano, kuma tun da kuɗin wuta ya tashi, maganar da magidanta suka fi yi mini ita ce: "Injiniya, kallon yaran nan ne ke cinye mana yunit." Sau da yawa zalunci ake wa talabijin ɗin. Ka yi lissafin da kanka kafin ka ɓoye rimot.

Fara juya bayan talabijin. Akwai wata takarda a manne, ka nemi lambar da harafin W ke biye da ita, wato wat. Na zamani masu fale-fale, irin LED, mai inci 24 yakan ja wat 20 zuwa 35, mai inci 32 kuma wajen 30 zuwa 50. Abin da aka rubuta yawanci shi ne iyakar abin da zai iya ja. A kallon yau da kullum bai cika kaiwa nan ba.

Sai ka san nawa kake sayen yunit ɗaya. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya na masu Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, zuwa naira 225, daga baya ya ɗan sauka, ya zauna a 209.50 a watan Yuli, ga kuma harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kai. Sauran rukunoni suna biyan abin da bai kai rabin haka ba. Amma kada ka wahalar da kanka da sanarwa. Ɗauko rasit ɗin katin da ka saya na ƙarshe, ka raba kuɗin da ka biya da yunit ɗin da ya shiga mita. Idan ka ba da 5,000 aka ba ka yunit 22 da 'yan kai, to yunit ɗinka yana wajen naira 225. Wanda ake cire wa tsohon bashi zai ga nasa ya haura, wannan kuwa ba laifin talabijin ba ne.

Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Saboda haka ka ninka wat da awannin kallo, ka raba da 1,000. Mu ɗauki mai inci 32 da ke jan wat 40, ana kallo awa 6 kullum: 240 ke nan, wato 0.24 na yunit a rana. A kwana 30 ya zama yunit 7.2. A kan naira 225, kuɗin ya kama 1,620 a wata, naira 54 a rana. Tsohon mai ƙusumbi, inci 21, da ke jan wajen wat 90, a irin wannan kallon zai ci yunit 16.2, kusan naira 3,650. Dutsen guga mai wat 1,000 kuwa, awa ɗaya da ya yi yana jan wuta daidai yake da awa 25 na kallo. Hitar dafa ruwa ta fi shi ma. To ka ga wanda ya kamata a sa wa ido a gidan.

In ba ka yarda da takardar bayan ba, mitarka za ta faɗa maka gaskiya, kuma wannan ce hanyar da na fi so. A fuskar mita mai kati akwai wata 'yar jar fitila da ke ƙyaftawa, kusa da ita an rubuta wani abu kamar 1000 imp/kWh. Ma'anarsa, sai ta ƙyafta sau 1,000 kafin yunit ɗaya ya tafi. Ka kashe komai na gidan, har firji da cajar waya, ka bar talabijin kaɗai. Riƙe agogon waya ka auna daƙiƙa nawa ke tsakanin ƙyaftawa ɗaya da ta gaba, sannan ka raba 3,600 da abin da ka samu. Daƙiƙa 90 na nufin wat 40. Idan mitarka 1600 aka rubuta mata, raba 2,250 za ka yi a maimakon 3,600. Abin yana son haƙuri, kuma gara ka yi shi lokacin da uwargida ba ta da ƙanƙara a firji.

Ka sake gwajin da dikoda da sitabilaiza a jone, nan ne mutane ke shan mamaki. Dikoda tana jan wajen wat 10, kuma wasu ko an kashe su da rimot ba sa rage ci sosai. Idan an bar ta awa 20 a kunne, ta ci 0.2 na yunit a rana, kusan abin da talabijin ya ci a awa shidansa. Sitabilaiza ma tana ci ko babu abin da take ɗauke da shi. Taɓa jikinta ka ji ɗumi, wutarka ce ke tafiya. Shi kansa talabijin na zamani, in an kashe da rimot, yawanci bai kai wat ɗaya ba. Maganin abu ne mai sauƙi: a haɗa su duka a soket ɗaya mai makunni, a kashe daga bango in za a kwanta. Hakan yana kuma kare su daga wutar da ake kawowa da ƙarfi cikin dare.

Akwai wani gyaran da ba ya cin ko kwabo. Shiga wajen saitin hoto ka nemi Backlight, wato hasken fitilun bayan gilashi. Talabijin da yawa suna zuwa daga kanti da shi a ƙure, don su ja ido a shago. Ka sauke shi zuwa rabi ko sama kaɗan. Fitilun bayan gilashi su ne suka fi cin wuta, kuma su ne suka fi mutuwa: yawancin waɗanda ake kawo mini murya na fita babu hoto, fitilun nan ne suka ƙone saboda an bar su a ƙarshen ƙarfinsu. Ina rage wa kaina ciniki da wannan shawarar, amma ba komai.

Mai sola ma lissafin ɗaya ne, batir kawai ya maye gurbin mita. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 100Ah a jiki, in ka ninka 12 da 100, yana ɗauke da wat 1,200 na awa ɗaya, amma irin na ruwa rabi ya kamata ka sha in kana son ya daɗe, wato 600. Talabijin da dikoda masu jan wat 50 a haɗe za su yi awa 12 a takarda. Inbata tana cin nata rabon, don haka ka sa rai da awa 10. Wanda zai sayi sabo saboda sola, ya nemi mai aiki da bolt 12 kai tsaye, ya huta da inbata.