Yadda Za a Ci Moriyar Hucin Janareta a Jami'a

Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan babban janareta ya san hucin da salansa ke fitarwa. Ni idan na ji shi, kuɗi nake gani suna bin iska. Abin da injin ke mayarwa lantarki bai wuce kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari na ƙarfin man da ya sha ba, sauran yana tafiya a hayaƙi da ruwan lagireto. In aka tare zafin nan, amfanin kan kai kashi 75 zuwa 80.

Jami'ar Princeton a Amurka tana haka tun 1996. Injin gas ne mai megawat 15, hayaƙinsa na tafasa ruwa, tururin ya bi bututu ya ɗumama gine-gine. Da guguwar Sandy ta afka a Oktoban 2012, suka yanke kansu daga layin gari, wutarsu ta ci gaba.

To, kada ka fara da tambayar megawat nawa za a saya. Fara da inda zafin zai tafi. Sa mita ta auna buƙatarka ta zafi, ka bi shekara guda cur, har da dogon hutu lokacin da ɗakunan kwanan ɗalibai suke wayam. Injin da ya fi ƙarfin buƙatarka ta zafi, janareta ne kawai mai tsada.

Mu nan ba mu da hunturun ƙanƙara, don haka sanyi za mu nema. Akwai na'urar sanyaya da zafi ke tuƙawa, tana aiki da ruwa da gishirin litiyam buromaid. Ka ba ta tururi, ta ba ka ruwa mai sanyin digiri 7, a tura shi ta ƙarƙashin ƙasa zuwa laburare, ɗakunan gwaji da asibitin koyarwa. Sai dai fa tana shan ruwa ba kaɗan ba a hasumiyar huce zafi. Kai ruwan rijiyar burtsatsenku a gwada tukuna; in mai kanwa ne, farin ɓawo zai toshe bututun, ka koma kankare shi.

In da hali, gina tankin ajiyar ruwan sanyi, a cika da dare, a ja da rana.

Makunnin da ke raba ku da wutar gari kuwa, a riƙa gwada shi da rana tsaka, ma'aikata na tsaye, a rubuta daƙiƙa nawa ya ɗauka.