Kurakuran da ke ƙona kaya wajen sarrafa allo da Linux

Na gaji da maimaita magana ɗaya ga duk yaron da ya shigo shagona a nan Jidda riƙe da Raspberry Pi, ƙaramin allon kwamfuta mai aiki da Linux, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babban laifin shi ne zagaye kenel, wato zuciyar Linux da ke tsakanin manhaja da na'ura. Yaro ya buɗe /dev/mem, ƙofar shiga ƙwaƙwalwar allon, yana rubutu kai tsaye cikin rajistar da ke juya ƙafafun allon (fil-fil ɗin GPIO da ake jona waya), bai gaya wa Device Tree, bayanin da ke sanar da kenel abin da aka jona, komai ba. Ni ma na yi haka, na kuma ji a jikina. A wani bene na unguwarmu na haɗa rile (makunnin da allon ke sarrafawa) mai kunna dinamon da ke tura ruwa daga tankin ƙasa zuwa na sama. Ran nan allon ya mutu ya tashi da tsakar dare, manhajata ba ta tashi ba, ƙafar da ke riƙe da rilen ta zauna ba mai ita, rile ya kama. Tankin ƙasa kuwa ƙaf. Dinamo ya yi ta juyi a bushe, da asuba mai gadi ya kira ni, tun daga ƙofa nake jin ƙaurin waya. Daga aljihuna na biya, mai benen bai ƙara nemana ba.

Tun daga nan nake sa resista mai 10k ta riƙe ƙafar a kashe kafin kenel ma ya farka, sannan in rubuta ta a Device Tree ƙarƙashin gpio-leds, sashen da aka tanada don fitilu, da default-state = "off". Wasu abokan sana'a ba sa son a kira rile fitila. Ni dai hakan nake yi, manhaja ta rubuta 1 ko 0 a /sys/class/leds, shi ke nan.

Kai kuma da har yau kake kwafo darasin /sys/class/gpio, tsohuwar hanyar juya ƙafafu, haba! Tun kenel 4.8, a 2016, aka kawo /dev/gpiochip aka ce a bar waccan hanya. Lambobin ƙafafu a tsohuwar hanyar ma ba su da alƙawari: a kenel 6.6 na Raspberry Pi sun koma farawa daga 512, wanda ya kafe lambar ƙafa 17 a manhajarsa ya wayi gari ba abin da ke motsi. Ka koyi libgpiod, kayan aikin sabuwar hanyar, ka nemi ƙafa da sunanta. Sai dai ka kula, da zarar gpioset, umarninsa na kunna ko kashe ƙafa, ya fita an saki ƙafar, ba tabbas ta tsaya yadda ka bar ta.

In i2cdetect, umarnin leƙa na'urorin da aka jona ta layin I2C, ya nuna UU a adireshi 0x68, agogon DS3231 ɗinka lafiyarsa lau, direba, wato manhajar kenel mai kula da shi, ne ya riga ya kama shi, sai ka karanta lokaci da umarnin hwclock. Direba ya ƙi tashi? Duba status = "okay" da compatible a Device Tree, ka karanta saƙonnin kenel da dmesg kafin ka kira ni. Maimakon ɗaukar cikakken iko da sudo a kan komai, rubuta dokar udev ɗaya da za ta ba manhajarka izinin taɓa na'urar. Ƙafafun allon nan kuma bolt 3.3 suke ɗauka, kada ka kai musu 5.