Ku naɗi waƙoƙin tsofaffinku a waya

Jama'a, wanda Allah ya bar masa kaka ko gwaggo, ya naɗi waƙoƙinta na daka, niƙa da reno. Tun da injin niƙa ya shigo, 'yan mata suka daina koyonsu.

Kada ka ce "Kaka, yi mana waƙa", kunya za ta ji. Nemi izinin naɗa, sannan ka ja baiti ɗaya ka karkace shi da gangan. Ai ba za ta haƙura ba, sai ta gyara maka, daga nan ta zarce.

Tambaye ta sunayen da ke ciki. Wani habaici ne ga kishiya, wani garin da kakanninku suka baro.

Kashe fanka tukuna. In ka gama, tura wa 'yan uwa, waya tana ɓata.