Yadda za ki riƙe zafin abincin biki daga murhu har gaban baƙi

Kula ba ta ƙara wa abinci zafi. Zafin da ya shigo da shi kawai take riƙewa, shi ma a hankali yake zurarewa. In kun yanke shawarar dafa abincin walima ko na dina a gida, ba za ku ba 'yan kwangila ba, to daga nan lissafi zai fara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dafaffen abinci ya zauna sama da digiri 60 na ma'aunin Celsius har lokacin ci, kuma kada ya wuce awa biyu a ajiye haka kawai. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta suke hayayyafa. Shinkafa ta fi kowane abinci rigima a nan. Akwai wata ƙwaya, Bacillus cereus, da tafasa ba ta gamawa da ita. Da shinkafa ta koma ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta saki dafi, kuma ɗumame ba ya kashe wannan dafin. Ba lallai abincin ya yi wari ko yami ba, sai dai a ji gidan biki ya kwana da amai.

Ki fara da lokacin cin abinci na gaskiya, ba wanda aka buga a kati ba. Kati ya ce ƙarfe huɗu, amarya ba za ta fito daga wurin kwalliya ba sai shida, rabon abinci sai bayan magariba. Daga nan ki ƙirgo baya, ki sa sauke tukunyar ƙarshe kada ya wuce awa uku kafin rabo. Yanke-yanke, markaɗe da tafasa nama ne ake yi tun jiya a sa a firji. Dafa-duka kam ranar ake ɗora ta.

Kafin a zuba komai, a cika kular da ruwan zafi, a rufe minti 15 zuwa 20, a zubar, a goge ta tas. Kula mai sanyi takan shanye zafin abinci tun a mintunan farko. Sannan abincin ya shiga yana tururi, kai tsaye daga wuta, ba wai a sauke a tsaya jiran mai kawo kula daga maƙwabta ba. A cika ta har wuya. Rabin kula iska ce, iska kuma sanyi take jawowa, don haka in abinci bai kai ba a rufe samansa da takardar foyil a cusa tawul mai tsafta ya cike gurbin. Kula uku matsakaita sun fi ƙatuwa guda ɗaya, domin za ki buɗe ta farko, sauran na nan a rufe. Ki rubuta abin da ke ciki da lokacin zubawa a jikin murfi, don kada kowace gwaggo ta zo ta ɗaga ta leƙa. Kular da aka yi wa haka takan riƙe zafi awa uku zuwa huɗu, amma ma'aunin zafin abinci ne zai raba gardama: a soka shi a tsakiya, a kuma soka a gefe, don gefe ke fara hucewa.

Shinkafa tana ci gaba da nuna a cikin kula. A sauke ta da ɗan sauran ƙarfinta, in ba haka ba ta caɓe kafin a kai zaure. Gumin murfi ma yana ɗiga ya jiƙa ta, sai a shimfiɗa farin ƙyalle tsakaninta da murfin ya tsotse.

Tuwon shinkafa ba shi da wahala: a ƙulla malmala da zafinta, a jera a matse. Miyar taushe da farfesu kuwa gara a bar su cikin tukunyarsu a kan kurfoti mai ɗan garwashi, ana juyawa lokaci-lokaci don kada ƙasa ta kama sama ta huce. In dole a tafi da su, a ɗaure murfin, a naɗe tukunyar da bargo, a sa tawul ƙarƙashinta kada gindinta ya narkar da roba in a kanta aka ɗora ta.

Soyayyen kaza da waina ba sa son a toshe su, tururinsu ke mai da su laɓo-laɓo. A zuba a kwando ko tire, a yafa foyil da 'yan huji. Waina dai in da hali, mai tanda ta zauna a bayan fage tana suya ana ɗauka.

Su kuma farantan ƙarfen nan na haya, masu ruwa a ƙasa da 'yar gwangwanin wuta, ruwan zafi ake zuba musu, tsayin gaɓar yatsa, a kunna wutar minti 20 kafin abinci ya hau. Ba su da ƙarfin ɗumama abin da ya huce. Kada a juye sabo a kan ragowar tsoho, a canja farantin gaba ɗaya. A kuma riƙa duba ruwan, in ya ƙone ƙanzo za a samu.

Robobin rabo su ne suka fi saurin sanyi, don abincin cikinsu kaɗan ne. Kada a zuba ɗari uku tun azahar a tara a ɗaki. A sa mutum huɗu ko biyar su riƙa zubawa ana fita da su. Salak da kabeji mai mayonis a ƙulla su daban, a ajiye kan ƙanƙara.

Miya ko nama da ya sauka ƙasa da 60 bai kai awa biyu ba, a mai da shi wuta ya tafasa sosai. Shinkafar da ta wuce haka, a zubar, ko tukunya guda ce.