Sauko da fayil ta HTTP da FTP: kurakuran da na gaji da gyarawa

Kusan kowane wata sai wani mai koyon rubuta manhaja ya turo min aikinsa yana cewa, "Malam, jiya yana aiki, yau ya ƙi." Idan na duba, matsalar ba ta wuce guda ɗaya. Ya ga libcurl ko urllib na Python, wato laburaren da manhaja ke amfani da su wajen sauko da fayil, suna karɓar adireshi kowane iri, na http ko ftp ko file (na fayil da ke cikin kwamfutarka), da umarni ɗaya, sai ya ɗauka halinsu ɗaya ne. Alhali FTP ƙa'idar tura fayil ce da aka rubuta tsarinta na yanzu tun 1985, HTTP ta shafukan yanar gizo kuwa daga baya ta zo da nata hanyoyin, kuma laburaren bai sulhunta su ba, rufa musu mayafi ɗaya kawai ya yi.

Bari in fara da wanda ya ƙona ni. Shekarun baya na rubuta wa wani ƙaramin kamfani ɗan shiri da ke sauko da kwafin bayanan cinikinsu kowane dare da curl, manhajar saukewa da aka gina a kan libcurl, ta FTP. Duk daren da babu fayil ɗin, sabar takan amsa da 550, wato babu shi, curl ya fita da lambar kuskure 78, shirin ya tsaya ya aiko min saƙo. Da aka koma HTTPS, wato HTTP mai tsaro, layi ɗaya na canza, na gwada, ya sauka lafiya. Bayan wani lokaci masu sabar suka sauya wa fayil ɗin wuri. Sabar ta riƙa amsawa da 404, lambar da HTTP ke cewa ba a samu ba, haɗe da shafin ban haƙuri, curl kuma ya riƙa ɗaukar wannan shafin yana adana shi da sunan fayil ɗinmu na zip, ya fita da sifili, wato lafiya lau. A wurinsa ya aika tambaya an ba shi amsa, aikinsa ya ƙare. Kowane dare shafin banza yana danne kwafi mai kyau. Ranar da kwamfutar ofishin ta mutu muka je ɗauko ajiya, sai muka tarar da fayil da bai kai kilobait biyu ba. Akawun kamfanin, dattijo mai haƙuri, ya kwashe kwanaki yana sake shigar da rasit da hannu, ni kuwa har yau ina tuna yadda ya dube ni bai ce komai ba.

Maganin farko shi ne a sa wa curl alamar -f, ko CURLOPT_FAILONERROR a libcurl, don 404 ya zama kuskure mai lamba 22. Mai amfani da laburaren requests na Python ya kira raise_for_status(), domin shi ma shiru yake yi, saɓanin urllib da ke ɗaga HTTPError da kansa. Amma ni ban tsaya nan ba. Ba na taɓa sauke sabon fayil a kan tsohon. Sai ya sauka da sunan wucin gadi, in duba girmansa, in duba farkonsa (fayil ɗin zip da haruffan PK yake farawa), in akwai SHA-256, lambar tantance fayil, in kwatanta, sannan in canza masa suna. Wasu na cewa na cika tsanani. Su suka sani.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, don ina ganinsa ko a wurin waɗanda suka daɗe a aikin. Idan ka ba urlretrieve na urllib adireshin http ba tare da ka faɗa masa inda zai ajiye ba, sai ya buɗe fayil na wucin gadi ya ba ka sunansa. Mutane sun saba su karanta, su goge. To ranar da aka ba shi adireshin file fa? Ba ya kwafar komai, hanyar ainihin fayil ɗin yake miƙo maka. Ka karanta, ka goge kamar kullum, ka goge asalin. Haba jama'a! Ta yaya za ka rubuta umarnin gogewa a kan sunan da ba kai ka zaɓa ba? Wani ɗalibina haka ya share bayanan gwajinsa da hannunsa, ya zo yana zargin ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfutarsa. Kullum ka ba shi sunan wurin ajiya da kanka, kuma in adireshin daga hannun wani yake fitowa, ka ƙi karɓar file tun daga bakin ƙofa.

Sai batun girma. Masu son nuna sandar ci gaba sukan raba abin da ya sauka da jimillar girman fayil, su manta cewa jimillar ba kullum ake samunta ba. Sabar HTTP da ke aiko da fayil gutsure-gutsure ba ta faɗin Content-Length, wato girman fayil ɗin, urlretrieve sai ya ba ka -1, ka ga sanda tana tafiya da baya. In kuma sabar ta matse shi da gzip, girman da ta faɗa na matsattsen ne, requests kuwa warwararre yake ba ka, lissafi ba zai taɓa daidaita ba.

Ci gaba da saukewa bayan yankewar intanet, abin da mu da layinmu ke yawan katsewa muka fi kowa buƙata, shi ma hanya biyu ce: FTP na amfani da umarnin REST, HTTP da Range, don faɗa wa sabar daga inda za ta ci gaba. Idan ka nemi sauran fayil sabar HTTP ta amsa 200 maimakon 206 mai nufin sashen fayil, daga farko take aikowa, kada ka liƙa shi a gindin tsohon rabin.

Ragowar ƙanana ne. A ftplib, laburaren FTP na Python, hoto da zip da retrbinary ake sauko da su, retrlines na rubutu ne kuma lalata su zai yi. Laburaren requests bai san ftp ba sam, kada ka wahalar da kanka. Shi ɗin dai ba shi da iyakar jira sai ka sa masa timeout, in ba haka ba zai iya zama har gobe. Curl ba ya bin sabar da ta tura shi wani adireshi sai da -L, FTP kuwa ba ta ma san wannan turawar ba. Kuma idan FTP ta karɓi sunanka da kalmar sirri a tashar 21 amma fayil ya ƙi motsi, ka tuna cewa bayanan ta wata tasha ta biyu suke bi, can za ka duba ko katangar tsaro ta toshe.