Yadda ake kallon husufin rana ba tare da an lalata ido ba

Ranar da wata ya gitta tsakanin duniya da rana, ba wani ƙarfi rana ta ƙara ba, ita ce dai ta jiya. Mutum ne ya canza. Kullum idan ya ɗaga kai, haske kan tilasta masa runtse ido ya kawar da fuska. Amma lokacin husufi gari ya ɗan dusashe, ga ɗokin gani, sai ya tsaya ya ƙura mata ido. Ɗan gefen da ya rage kuwa, ko da bai wuce sirantar lauje ba, kaifinsa ɗaya da na cikakkiyar rana.

A can bayan ido akwai tantanin da hoto ke sauka a kansa. Ido yana tattara hasken ya ɗora shi a tsakiyar wannan tantani, daidai inda ake karatu da gane fuskar mutane da shi, sai hasken ya lalata ƙwayoyin da ke wurin. Tantanin ba ya jin zafi, don haka babu abin da zai gargaɗe ka. Sai bayan awanni, wani lokacin ma sai washegari, mutum ya fara gani dishi-dishi, ko ɗigon duhu a tsakiyar duk abin da ya kalla, ko layin da yake a miƙe ya koma masa a karkace. Wasu ganinsu kan dawo cikin makonni ko watanni, wasu ɗigon ya zauna ke nan. Wanda ya ga haka ya je wurin likitan ido, kada ya zauna jira.

Tabaran husufi na gaskiya an yi shi ne bisa ƙa'idar inganci ta duniya mai lamba ISO 12312-2, kuma ya fi baƙin tabarau na ado duhu sau dubbai. Sai dai buga wannan lamba a jikin kwalin tabaran ba wuya ba ne, masu jabu ma suna bugawa. A gwada shi a ɗaki tukuna: idan ka saka kana ganin kujera, ko bango, ko tafin hannunka, a jefar da shi. Abin da ya kamata ka gani shi ne duhu, sai ɗan alamar ƙwan fitila mai tsananin haske. A duba ko ya huje, ko ya karce, ko ledar ta fara ɓallewa daga kwalin. Mai tabaran likita ya bar nasa a fuska, ya ɗora na husufin a kai. Ana sakawa ne kai a sunkuye, sannan a ɗago. In za a cire, a juya baya ga rana tukuna. Ga yara, tabaran kan yi musu yawa su riƙa leƙe ta gefe, don haka babba ya tsaya a kansu.

Gilashin masu walda yana yi, amma sai mai lamba 12 zuwa 14, kuma na 14 ya fi kwanciyar hankali. Yawancin wanda ake aiki da shi yau da kullum bai kai haka ba, wanda ba a ga lambarsa ba kuwa a bar shi.

Baƙin tabarau ko guda nawa aka jera, gilashin da aka turara da hayaƙi, fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, faifan CD, baƙar leda: duk ba sa tsare ido. Suna rage hasken da ke kashe ido ne kawai, har mutum ya sami damar daɗewa yana kallo, alhali hasken da ido ba ya gani yana wucewa. Kallon rana a cikin ruwan bokiti ko ta bayan siririn gajimare ma bai kuɓutar da kowa ba.

Hanyar da ta fi kowace aminci ita ce ka ba rana baya ka kalli hotonta. A sami doguwar kwali, a yanke ɗan fili kamar santimita 3 a ƙarshensa ɗaya, a manna takardar alminiyam a kai, a huda ta da allura sau ɗaya, hudar da ba ta wuce milimita 1 ba. A ɗaya ƙarshen, daga ciki, a manna farar takarda, sannan a yanke wata 'yar taga a jikin kwalin kusa da ita don leƙawa. A saita hudar ta fuskanci rana, a riƙa motsa kwalin har ɗan farin da'ira ya sauka a takardar. Wannan da'irar ita ce rana, kuma za a ga wata yana cinta sannu a hankali. Girman hoton ya dogara ne ga tsawon kwalin: tazarar mita 1 tana ba da hoto mai faɗin kusan milimita 9. A nan ne mutane ke kuskure, su ga hoton ya yi ƙanƙanta sai su faɗaɗa hudar. Hakan haske kawai yake ƙarawa, gefen hoton ya dagule. In ana son babba, a ƙara tsawo. Kuma kada a taɓa leƙa rana ta cikin hudar.

Idan jama'a da yawa ne, ƙaramin madubi ya fi. A rufe shi da takarda a bar fili kamar milimita 5, a haska shi kan bango mai inuwa. Daga nisan mita 5 hoton zai kusa santimita 5. A kula kada hasken ya bi ta fuskar wani. Ko inuwar bishiya mai ganye ma ta isa, ƙasanta kan cika da ƙananan laujuna.

Na'urar hangen nesa da kyamara mai dogon baki su ne mafi haɗari, domin suna tara haske har ya iya narka leda. Matatar hasken da aka yi musamman dominsu a bakin gaba ake ɗaure ta, inda haske ke shiga. Wanda ya saka tabaran husufi ya leƙa na'urar da ba ta da matata, hasken zai huda tabaran ya shiga idonsa nan take. Mai ɗauka da waya ya ɗora tabaran a kan kyamarar, ya riƙa kallon fuskar wayar, kada ya saci kallon sama wajen saiti.

Lokaci ɗaya tak ake cire tabarau: sa'ad da wata ya rufe rana ruf, har babu abin da ake gani ta cikin tabaran. Wannan na waɗanda ke cikin siririn layin da inuwar wata ke bi ne kawai, kuma ba ya wuce kusan minti 7 da rabi, sau da yawa ma 2 ko 3 ne. Na ranar 2 ga Agusta 2027, wanda zai ratsa kudancin Sifaniya, Maroko, Libiya, Masar da Saudiyya, zai haura minti 6 a kusa da birnin Luxor na Masar. Da zarar ɗigon haske ya ɓullo a gefe, a mayar da tabarau. Rufewar kashi 99 cikin 100 ba rufewa ba ce. Husufin zobe kuma, irin na 6 ga Fabrairu 2027, inda wata ke barin da'irar haske kewaye da shi, ba a cire tabarau a cikinsa ko na daƙiƙa ɗaya.