Yadda Za a Tantance Nau'in Firanha Kafin a Yarda da Littafi

Mai kiwon kifin ado a akwatin gilashi a nan Maradi, idan littafin firanha ya shigo hannunsa, na Faransanci ne ko na Ingilishi da aka sayo a Kano, yakan karɓi sunan da ke ƙarƙashin kowane hoto ba tare da ya sake dubawa ba. Wannan amanar ce nake so a rage, domin kuskuren suna a kan wannan kifi na Kudancin Amurka yana cin kuɗi, yana kuma cin ran kifin.

A fara da shekarar da aka buga littafin. A 1993 masanin kifi William Fink ya sake nazarin Pygocentrus, ɗaya daga cikin dangogin firanha, ya tsayar da nau'i uku: nattereri mai jan ciki, cariba na kogin Orinoko, da piraya na kogin São Francisco a Barazil. Littattafan da suka riga wannan aiki sukan kira mai jan cikin Serrasalmus nattereri ko Rooseveltiella nattereri, su kira cariba da sunan notatus, su kuma ware ternetzi a matsayin nau'i na daban, alhali Fink ya mayar da shi cikin nattereri. Sabon bugu ma bai tsira ba idan marubucinsa ya kwafo tsofaffin hotuna da sunayensu. Saboda haka a ɗauki sunan Latin a bincika shi a FishBase, rumbun bayanan kifaye na intanet, a ga ko har yanzu masana suna amfani da shi.

Daga nan sai a ajiye littafin a dubi kifin kansa, a kuma ba kai da baki muhimmanci fiye da launi. Ɗan dangin Pygocentrus goshinsa a kumbure yake, bakinsa gajere ne, haɓarsa mai kauri, yayin da ɗan dangin Serrasalmus, wani dangin firanha na daban, yake da ɗan lotsawa a saman ido, da baki mai tsini, da jiki siriri ta gefe. Wannan bambanci shi ne zai nuna yadda za a ajiye su, domin nattereri yana zama cikin garke, amma Serrasalmus rhombeus, wanda ake kira baƙin firanha, shi kaɗai ake sa wa a akwati, in ba haka ba sai ya gutsure wutsiyoyin abokan zamansa har su mutu. Cariba kuwa yana da baƙin tabo babba daidai bayan kansa.

Launi shi ne mafi yaudara, kuma a nan ne littattafai suka fi tuntuɓe. Ƙananan firanha na nau'o'i da yawa duk farare ne kamar azurfa masu ɗige-ɗigen baƙi, kuma rhombeus sai ya girma idonsa yake yin ja, jikinsa ya yi duhu. Hoton da bai faɗi tsawon kifin ba, bai kuma faɗi kogin da aka kamo shi ba, a ganina ado ne kawai, bai kai hujja ba.

Ruɗanin da ya fi tsada shi ne na paku mai jan ciki, wato Piaractus brachypomus, kifin da ba firanha ba ne amma wanda yana ƙarami yake kama da nattereri matuƙa. A leƙa bakinsa da kyau ta jikin gilashi, kada a sa yatsa: firanha jeri ɗaya na haƙora masu kaifi gare shi, da haɓar ƙasa da ta zarce ta sama, shi kuwa paku haƙoransa masu faɗi ne kamar turamen mutum. Nattereri yakan tsaya a wajen santimita 30, paku kuwa yana wuce 70, ya fi ƙarfin akwatin ɗaki. Wanda hakan ta same shi, ina roƙonsa kada ya kai kifin zuwa tafkin Madarunfa ko Gulbin Maradi ya saka, domin baƙon kifi barazana ne ga karfasa da tarwaɗar da masuntanmu suke rayuwa a kansu.

Idan alamun ba su haɗu ba, a rubuta sunan dangi kawai a littafin ajiya, a riƙa ɗaukar hoton kifin ta gefe duk wata tare da tsawonsa, a sake gwada shi da bayanin masana bayan ya ƙara girma.